Tantanin Ƙwayar Halitta da Ƙofofinsa, da Abin da Cutar Kwalara Ta Bayyana Game da Su

Jikin ɗan Adam, kamar na dabba da na tsiro, an gina shi ne da wasu 'yan mitsimitsin ɗakuna waɗanda ido ba ya iya gani, su ne masana ke kira ƙwayoyin halitta. Kowace ƙwaya tana lulluɓe da wani tantani wanda kaurinsa bai wuce kashi 7 zuwa 10 cikin miliyan na milimita guda ba. Ruwa, da gishiri, da sukari, da iskar da ake shaƙa, babu wanda zai isa cikin ƙwaya sai ta wannan tantani. Wanda ya ɗauke shi tamkar rariya ya yi kuskure, domin rariya girman abu kaɗai take bi. Shi kuwa tantani zaɓe yake yi: yakan karɓi wani abu ya ƙi wani, yakan kuma ƙara ko ya rage abin da yake karɓa gwargwadon bukatar jiki.

A shekarar 1925 wasu masana biyu na ƙasar Holan, Gorter da Grendel, suka tsamo maiƙon da ke jikin jajayen ƙwayoyin jini, suka shimfiɗa shi bisa ruwa, suka auna faɗinsa. Daga nan suka yanke cewa tantanin nan maiƙo ne ninki biyu. To, sanin kowa ne mai da ruwa ba sa ga maciji. Saboda haka abin da ke narkewa cikin mai, kamar iskar oksijin, yakan ratsa tantani ba tare da wahala ba, amma gishiri da sukari, masu narkewa cikin ruwa, sai su tsaya daga waje. A 1972 Singer da Nicolson na Amurka suka bayyana cewa akwai sinadaran furotin iri-iri da ke yawo a cikin maiƙon nan, wasu sun huda shi daga waje har ciki. Waɗannan su ne ƙofofin ƙwaya, kamar na ganuwar birni, kowace da sarkin ƙofarta. Bambancin kawai, galibin ƙofofin ƙwaya baƙo iri ɗaya ko biyu suka sani.

Wasu ƙofofin buɗewa kurum suke yi, abu ya gangara daga inda ya yi yawa zuwa inda ya ƙaranta. Har a nan ma akwai tsari. Alal misali, ƙwayoyin tsoka sukan ɓoye ƙofofin sukari a cikin cikinsu. Idan mutum ya ci abinci, sinadarin insulin ya iso, sai su fito da ƙofofin su jera a tantani, sukari ya shiga. Inda wannan kira ya kasa samun amsa, sukari yakan taru a jini, shi ne tushen ciwon sukarin da ke kama yawancin manya.

Wasu ƙofofin kuwa famfo ne, suna tura abu zuwa inda ya riga ya yi yawa, aikin da ba ya yiwuwa sai an kashe ƙarfi. Mafi shahara a cikinsu shi ne wanda Jens Skou, mutumin Denmak, ya gano a 1957 cikin jijiyar ƙaguwa. Gishirin miya haɗin sinadarai biyu ne, sodiyam da kuloraid. Famfon nan, a kowane juyi, yana fitar da sodiyam 3 daga ƙwaya, ya shigo da fotasiyam 2, dare da rana, har sodiyam ɗin da ke waje ya ninka na ciki wajen sau goma. Mai tambaya zai ce, ina amfanin wannan wahala? Amfaninta daidai yake da na ruwan da aka tare a madatsa. Sodiyam ɗin da aka tara a waje kullum neman hanyar komawa yake yi, ƙwaya kuwa ba ta bar shi ya koma hannu banza ba.

Robert Crane ne ya fara bayyana haka game da hanji, a wani taro da aka yi a birnin Prague a 1960. Ya ce a tantanin ƙwayoyin ƙaramin hanji akwai wata ƙofa wadda ba ta buɗuwa sai sodiyam da sukarin gulukos sun zo tare. Ɗaya ya zo shi kaɗai, ba zai wuce ta nan ba. Sa'an nan duk inda gishiri ya nufa, ruwa yana biye da shi, kamar yadda ake gani idan an barbaɗa gishiri a yankakken tumatir, nan da nan ruwa ya tsattsafo. Ta haka hanji ke mayar da kusan dukan lita 8 zuwa 9 na ruwan da ke ratsa shi kowace rana zuwa cikin jini.

Cutar kwalara wannan tsari take juyawa. Dafin ƙwayar cutar yana tilasta wa ƙofar kuloraid ta zauna a buɗe, gishiri ya riƙa kwarara daga jiki zuwa cikin hanji, ruwa na binsa, yana kuma toshe hanyar da gishiri ya saba shiga. Babban mutum yana iya zubar da lita guda cikin awa ɗaya, ya rasu kafin gari ya waye. In an ba shi ruwa zalla, ko ruwan gishiri kaɗai, yawancinsa wucewa zai yi. Abin mamaki, dafin bai taɓa ƙofar nan ta Crane ba. Likitocin da suka yi bincike a Daka da Kalkata cikin shekarun 1960 sun tabbatar da cewa idan an gama gishiri da gulukos a ruwa, hanjin mai kwalara yana sha. Babban gwajin ya zo a 1971, lokacin yaƙin Bangaladash. A sansanin 'yan gudun hijira na Bangaon a Indiya, ruwan da ake ƙara wa majiyyata ta jijiya ya ƙare, sai likita Dilip Mahalanabis ya sa dangi suka riƙa shayar da marasa lafiyarsu wannan haɗi. Inda a da wajen mutum 30 cikin 100 ke mutuwa, adadin ya sauko ƙasa da 4. A daidai wannan lokaci ne annobar, wadda ta shigo Afirka ta Yamma ta ƙasar Gini a 1970, take ɓarna a Nijeriya da Nijar da kewayen Tafkin Chadi.

Wanda ya fahimci ƙofar zai gane dalilin da ya sa ma'auni ya zama wajibi. Tun daga 2002, ƙullin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi yana ɗauke da gulukos giram 13.5 da gishiri giram 2.6, tare da fotasiyam da wani sinadari mai rage tsamin jini, a zuba cikin lita guda ta tsabtataccen ruwa. Inda babu ƙullin, ana haɗa sukari ƙaramin cokali 6, shafaffe, da rabin cokali na gishiri a lita guda. Uwar da ta ƙara sukari don yaro ya ji daɗin sha, ko ta ba shi lemon kwalba, ta cika hanji da abin da ƙofa ba za ta iya ɗauka ba, ragowar kuwa janyo ruwa zai yi daga jini, gudawa ta ƙaru. Haɗin kuma ba ya kashe ƙwayar cutar, riƙe jiki yake yi har ta fita. Majiyyacin da ya suma, ko wanda amai ya hana shi riƙe ko kurɓi guda, sai a gaggauta kai shi asibiti a ƙara masa ruwa ta jijiya.