Gidan 'Yar'aduwa: Banki, Jarida da Mulki

Idan aka ambaci gidan 'Yar'aduwa na Katsina, soja da siyasa ne ke fara zuwa zuciyar mutane. Amma gidan ya taɓa riƙe banki da kamfanin jarida a lokaci guda, abin da ba kasafai ake samu a gida ɗaya a Arewa ba.

Tushen gidan sarauta ne. Malam Musa 'Yar'aduwa, Matawallen Katsina, malamin makaranta ne kafin ya zama ministan harkokin Legas a Jamhuriya ta Farko. Ɗansa Shehu, wanda aka haifa a 1943, ya shiga soja, ya kuma zama na biyu a gwamnatin Obasanjo daga 1976. Da aka miƙa mulki ga Shagari a 1979 ya tuɓe kaki yana Manjo Janar mai shekara 36, da sauran ƙarfinsa, ga kuma sanayya a ko'ina cikin ƙasa.

Sai ya faɗa kasuwanci. Ya kafa gonar Sambo Farms a yankin Funtuwa, ya haɗa hannu da Abiola a kamfanin jiragen ruwa na Africa Ocean Lines. A farkon shekarun 1980 kuma aka buɗe Habib Nigeria Bank da haɗin gwiwar bankin Habib na Pakistan, Shehu na shugabantar hukumar daraktocinsa. Bankin ya samu karɓuwa wurin 'yan kasuwar Arewa, kuma shi ne ya buɗe sashen ajiya marar kuɗin ruwa tun a shekarun 1990, da daɗewa kafin bankin Jaiz ya fara aiki a 2012.

Jaridar kuwa a Kaduna ta zauna. Kamfaninsa na Nation House Press ya riƙa buga The Reporter da Turanci, da Nasiha da Hausa. Masu bibiyar adabi ba su manta da Nasiha ba, domin shafukanta na cikin wuraren da aka fara tafka muhawara kan littattafan soyayya na Kano. Ga mai neman shugabancin ƙasa, amfanin mallakar jarida a fili yake: a zamanin da New Nigerian da gidajen rediyo ke hannun gwamnati, Shehu yana da bakin kansa.

Wannan bakin ne ya jawo wa jaridar fushin hukuma. Babangida ya soke zaɓen fid da gwani na 1992 wanda Shehu ke kan gaba a jam'iyyar SDP, a 1993 kuma gwamnatinsa ta rufe The Reporter. Abacha ya kama Shehu a 1995 bisa zargin juyin mulki, ya rasu a kurkukun Abakaliki ranar 8 ga Disamba, 1997.

A waɗannan shekaru masu wuya ƙanensa Umaru ne ya tsaya wa gidan, yana darakta a bankin, yana kuma shugabantar kamfanin jaridar, har ya zama gwamnan Katsina a 1999. Ya hau kujerar shugaban ƙasa a 2007. 

Bankin bai ɗore da sunansa ba. Da Babban Banki ya ce dole kowane banki ya mallaki jarin naira biliyan 25, Habib ya haɗe da bankin Platinum a 2005 aka samu Bank PHB. A Agustan 2011, shekara guda da 'yan watanni bayan rasuwar Umaru, hukuma ta karɓe PHB ta maye gurbinsa da bankin Keystone. Jaridun sun daina fita tuntuni. Sarauta da siyasa ne suka ɗore a gidan: ƙanensu Abdul'aziz ne Matawallen Katsina, kuma a 2023 aka zaɓe shi sanatan Katsina ta Tsakiya.