Bayan dandali: masu nema wa fasahar Afirka kuɗi, biza da kasuwa

A tsakiyar watan Satumban 2023, wata biyu bai cika ba da juyin mulkin 26 ga Yuli a Yamai, wata takarda ta isa gidajen wasan kwaikwayo da ofisoshin masu shirya bukukuwa a Faransa, tana umartar su da su dakatar da duk wata hulɗa da Nijar, Mali da Burkina Faso. Ƙungiyoyin masu fasaha na can suka yi ca a kai. Ministar al'adu ta lokacin, Rima Abdul Malak, ta fito ta ce ba a ƙaurace wa kowa ba, sai dai ta amsa cewa babu halin bayar da sabuwar biza.

Mawaƙa da ƴan wasa aka yi ta ambata a labarai. Amma akwai wasu da abin ya fi shafa kai tsaye, waɗanda ba a ganin hotonsu a jikin takardar talla: manajojin mawaƙa, masu shirya kalankuwa, masu kula da gidajen tarihi, da jami'an da ke rubuta manufofin al'adu a ma'aikatu. Su ne ke cike takardun neman tallafi, su sasanta farashi, su kama ɗakin otal, su tabbatar janareto ba zai mutu ana tsakiyar wasa ba. Aikin wata shida na irin wannan mutum yana iya rushewa da takarda guda.

Sana'ar ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Makaɗin fada yana da ubangida, sarki ko attajiri, mai ba shi riga da doki da hatsi. Yana da sanƙira mai yi masa shela, yana kuma da wanda ke karɓar goron gayyata ya tsayar da ranar wasa. Abin da ya sauya shi ne ubangidan. Yau sau da yawa yana zaune a Turai ko Amurka, kuma ba kirari yake so ba, rahoto yake so da rasidai.

A dubi fitattun ƴan gita na Nijar. Bombino, ɗan Agadas, a Amurka ya ɗauki faifansa Nomad na 2013, kuma faifansa Deran ne ya sa shi zama ɗan Nijar na farko da aka zaɓa cikin masu takarar lambar Grammy. Mdou Moctar kuwa ƙaramin kamfanin Sahel Sounds na Amurka ne ya fara fitar da shi duniya, kafin ya koma Matador. Babu laifi a nan, sun ci guminsu. Sai dai kwantiragi da tsara rangadi da rabon riba, kusan duk a waje ake yin su, kuma a nan ne kaso mai tsoka na kuɗin waƙa yake.

Masu wannan sana'a a nahiyar sun daɗe da gane matsalar. A 2007 wasu daga cikinsu suka haɗu a tsibirin Gore na Senegal suka kafa ƙungiyar Arterial Network, don su san juna, su horar da matasa, su kuma matsa wa gwamnatoci lamba. Ɗaya daga cikin waɗanda suka shugabance ta shi ne Mamou Daffé na Mali, wanda tarihinsa ya cancanci a tsaya a kansa.

Daffé ɗan kasuwa ne mai otal a Segu, garin da ke bakin kogin Kwara, wanda mutanen Yamai ke kira Isa. A 2005 ya fara bikin Festival sur le Niger, ana kafa dandali a bakin ruwa, ana gayyato manyan mawaƙan Mali da na maƙwabta. Lissafinsa na ɗan kasuwa ne: baƙon da ya zo kallo zai kwana, zai ci abinci, zai hau kwalekwale, zai sayi zane da tukunya. Daga baya ya buɗe cibiyar al'adu ta Kôrè da makarantar IKAM, inda ake koyar da tafiyar da harkar fasaha da aikin sauti da haske. Lokacin da rikicin arewacin Mali ya kori masu yawon buɗe ido daga 2012, har bikin hamada na Tumbuktu ya tsaya, na Segu ya rage girma amma bai mutu ba, domin yana da ƴan kallo na gida.

A 2018 Daffé da mai zane Abdoulaye Konaté da wasu abokansu suka kafa asusun African Culture Fund mai hedikwata a Bamako. Wani ɓangare na jarin farko ya fito ne daga zane-zanen da masu fasaha suka bayar kyauta aka sayar. Asusun bai rabu da tallafin gidauniyoyin waje ba, amma ƴan Afirka ne ke zama su zaɓi wanda za a bai wa. Wannan ba ƙaramin bambanci ba ne, don mai riƙe da jaka shi ke faɗin irin labarin da za a ba da.

Su kuma gwamnatoci, a takarda ba su da na biyu. Tarayyar Afirka ta amince da yarjejeniyar farfaɗo da al'adun nahiyar a Khartum a 2006, amma sai da ta shafe fiye da shekara goma kafin ta samu sa hannun da zai sa ta fara aiki. A 2020 shugabannin ƙasashe suka yi kira da kowace ƙasa ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kasafinta ga al'adu kafin 2030, sannan aka sanya wa 2021 suna shekarar fasaha da al'adu da kayan gado. A ƙasashe da dama har yanzu ma'aikatar al'adu ƴar rakiya ce, yau a haɗa ta da matasa da wasanni, gobe da yawon buɗe ido.

Alhali kuɗin na nan. Rahoton da hukumar UNESCO ta fitar a 2021 ya ƙiyasta cewa harkar fim a Afirka tana samar da dala biliyan 5 da aikin yi ga mutum miliyan 5, kuma tana iya kai wa biliyan 20 idan aka gyara ta. Bankin Afreximbank ya sanar a 2024 cewa ya ɗaga kuɗin da ya ware wa wannan fanni zuwa dala biliyan 2. To amma banki ba ya ba da kuɗi don murya ta yi daɗi. Yana son kamfani mai rajista da littafin shiga da fita, abin da mawaƙin gambara na Damagaram ko mai shirya fim a Maraɗi ba zai iya haɗawa shi kaɗai ba.

Haka batun hakkin mallaka. Duk nahiyar ba ta samun ko kashi 1 cikin 100 na kuɗin da ake tara wa marubuta waƙa a duniya. Nijar na da hukumarta, BNDA, amma waƙar da ke yawo daga waya zuwa waya ta WhatsApp, ko wadda ake turawa a katin waya a bakin kasuwa kan ƴan daloli, ba ta bin ta kowane ofishi.

A Nijar lamarin ya ƙara fitowa fili cikin shekarun nan. A Oktoban 2024 aka sauya wa cibiyar al'adun Faransa da Nijar ta Jean Rouch da ke Yamai suna zuwa ta Moustapha Alassane, gwanin fim ɗin zane na farko-farko a Afirka. A Maris na 2025 ƙasar ta fice daga ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci, wadda a Yamai ɗin aka aza harsashinta a 1970 zamanin Diori Hamani, kuma wadda asusunta ya daɗe yana tallafa wa masu fim na yankin. Mutane da yawa sun yi murna da sabon sunan, kuma Alassane ya cancanta. Sai dai sauya allon ƙofa aikin yini ɗaya ne. Albashin mai kula da ɗakin karatu, gyaran na'urar sauti, da tikitin ƴar wasan da aka gayyata kasuwar MASA a Abidjan ko bikin FESPACO a Wagadugu, waɗannan kowace shekara suke dawowa, kuma yanzu a gida za a nemo su.

Makarantun da ke koyar da aikin suna nan ga mai so: makarantar kayan gado ta EPA a Porto-Novo, jami'ar Senghor a Iskandariyya ta Masar, da IKAM a Segu. Shi kuwa Daffé, a Nuwamban 2024 gwamnatin riƙon ƙwaryar Mali ta naɗa shi ministan al'adu, ta kuma ayyana 2025 shekarar al'adu. Mutumin da ya shekara ashirin yana neman gwamnatoci su saki kuɗi, sai ga shi ya zama wanda ake kai wa takardar buƙata.