'Yar Tsana Mai Maganaɗisu: Abin da Tela da Ɗan Kasuwa Ya Kamata Su Sani

KEFFI — Duk wanda ya saba bin hanyar Abuja zuwa Keffi gab da Sallah ko Kirsimeti ya san yadda 'yan tsana masu laushi kan cika rumfuna a Mararaba da Masaka, wasu sababbi cikin leda, wasu kuma daga dilar gwanjo. Daga irin waɗannan kasuwanni ne ƙananan 'yan kasuwa kan saro su zuwa garuruwa kamar Panda ta ƙaramar hukumar Karu, wadda bisa katari ta yi suna ɗaya da dabbar nan ta ƙasar Sin mai fari da baƙi da ake yawan ɗinka siffarta.

A 'yan shekarun nan masu ƙera kayan wasa a ƙasashen waje sun ƙaro wata dabara, wato 'yar tsana wadda yaro zai iya cire mata hannu ko kunne ko wutsiya, ya kuma mayar ya manne ba tare da zare ko maɓalli ba, saboda maganaɗisun da aka ɓoye a cikin ɗinkin. Wannan ba baƙon wasa ba ne ga yaron da ya tashi yana harhaɗa motar kara ko 'yar tsanar tsumma da hannunsa. Kuma a ido aikin bai fi ƙarfin telan gari ba, tun da ƙyalle da auduga da keken ɗinki duk suna nan a Panda da Keffi. Sai dai ɗan ƙarfen nan da bai kai girman ƙwayar gyaɗa ba shi ne gaba ɗayan al'amarin, domin ya taɓa jawo wa manyan kamfanonin duniya asara mai yawa, ya kuma ci ran yaro.

Maganaɗisun da aka fi amfani da shi a wannan aiki shi ne na sinadarin niyodimiyam, wanda kamfanonin Sumitomo na Japan da General Motors na Amurka suka ƙirƙiro a farkon shekarun 1980, kuma a yau ƙasar Sin ce ke samar da mafi yawansa. Ƙanƙantarsa da tsananin ƙarfinsa su ne suka sa ake sonsa, su ne kuma haɗarinsa. Idan yaro ya haɗiye guda biyu ko fiye, ko guda ɗaya tare da wani ƙarfe, sukan jawo juna daga sassa daban-daban na hanji, su matse naman da ke tsakaninsu har ya mutu ya huje. Da fari alamun ba su wuce amai da ciwon ciki ba, abin da iyaye da dama za su ɗauka ɓacin ciki ne kawai, alhali sau da yawa sai an kai ga tiyata.

A watan Nuwamba na 2005 wani yaro da bai cika shekara biyu ba ya rasu a jihar Washington ta Amurka bayan ya haɗiye maganaɗisun da suka faɗo daga kayan wasa na Magnetix, kuma a watan Maris na 2006 aka janye kimanin saiti miliyan 3.8 daga kasuwa. A watan Agusta na 2007 kuma kamfanin Mattel, mai 'yar tsanar Barbie, ya janye kayan wasa sama da miliyan 18 a duk duniya, ciki har da Polly Pocket, saboda maganaɗisunsu na iya ɓallewa. Wata guda bayan haka wani babban jami'in kamfanin ya nemi afuwar hukumomin Sin, tare da amincewa cewa yawancin matsalar daga tsarin ƙirar da Mattel ya zana ne, ba daga masana'antun Sin da suka yi aikin ba. Wannan batu ya cancanci kulawar 'yan kasuwarmu da kan tura samfur zuwa Yangzhou ko Yiwu a yi musu: masana'anta abin da aka zana mata take yi.

A sakamakon waɗannan abubuwa ne aka tsaurara ƙa'idojin kayan wasa, wato ASTM F963 ta Amurka, da EN 71 ta Turai, da ISO 8124 ta ƙasa da ƙasa. Dukkansu suna amfani da wani ɗan bututun gwaji mai faɗin milimita 31.7, wanda ke wakiltar maƙogwaron ƙaramin yaro. Duk abin da ya shige cikinsa gaba ɗaya, ana ɗaukarsa a matsayin abin da yaro zai iya haɗiyewa, kuma an haramta shi a kayan wasan 'yan ƙasa da shekara uku. Idan kuwa maganaɗisu ne mai ƙarfi, haramcin ya shafi kayan wasan yara har zuwa shekara 14. Ba a tsaya ga duba sabuwar 'yar tsana ba; sai an jefar da ita, an murɗa, an kuma ja. Ƙa'idar Turai ta tanadi a ja ɗinkin da ƙarfin da ya yi daidai da nauyin kimanin kilo 7, sannan a duba ko ya buɗe.

Telan da ke son shiga wannan sana'a zai iya gwada hakan a shagonsa da jarkar ruwa da maƙata, ko da yake wannan ba ya maye gurbin gwajin hukuma. Abin da ya fi muhimmanci shi ne kada a saka maganaɗisu tsirara a cikin auduga. Masu ƙwarewa kan rufe shi a cikin ƙoƙon roba da aka liƙe, wanda girmansa ya wuce bakin bututun gwajin, a sa ƙoƙon a aljihun yadi mai ƙarfi, a bi shi da ɗinki biyu. Gaɓar da ake cirewa ita ma dole ta fi ƙarfin haɗiya. Har ila yau akwai batun wanki, domin niyodimiyam yana tsatsa ya farfashe da zarar fentin ƙarfen da ke jikinsa ya goge, ga shi kuma 'yar tsana a gidajenmu ba ta rabuwa da ruwa da sabulu. Ta fuskar kuɗi, sanya maganaɗisu a jikin 'yar tsanar kaɗai da farantin ƙarfe a gaɓoɓin yana rage kashe kuɗi, yana kuma sa kowace gaɓa ta manne a kowane gurbi. Wanda bai da halin yin ƙoƙon roba kuwa, gara ya koma ga maɗaurin Velcro irin na takalman yara, wanda ke yin aikin ba tare da wannan haɗari ba.

Kasuwar kayan wasa na gida ba mafarki ba ce. A 2007 Taofick Okoya ya fara 'yan tsana na Queens of Africa a Legas, ciki har da Azeezah mai wakiltar Bahaushiya, kuma a 2014 kamfanin dillancin labarai na Reuters ya ruwaito cewa yana sayar da tsakanin 6,000 zuwa 9,000 a wata. Nasa na roba ne, kuma a lokacin ana yin sassan a Sin a harhaɗa a Legas. 'Yar tsanar yadi ta fi wannan sauƙi, domin maganaɗisun da ƙoƙonsa ne kaɗai za a nemo daga waje.

Ta ɓangaren doka, kayan wasa suna cikin kayayyakin da Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Ƙasa, SON, ke neman takardar SONCAP a kansu kafin a shigo da su, ƙarƙashin shirin da ta fara a 2005, yayin da masu ƙerawa a cikin gida ke neman shaidar MANCAP. Giɓin yana wajen gwanjo. 'Yar tsanar da ta fito daga dila ba ta da kwali, balle gargaɗin shekaru, kuma ɗinkinta ya riga ya sha wanki a wata ƙasa. Mai saro irin wannan kaya zuwa Panda zai iya bin jikin kowace ɗaya da ƙusa ko allura; inda ƙarfen ya manne, sai ya ja ɗinkin wurin da ƙarfi kafin ya shimfiɗa ta a rumfa.