Idan likita ya ce sai an yi aiki: haihuwa ta tiyatar gaggawa da zaman jego

Ba kowace naƙuda ce ke ƙarewa yadda aka zata ba. Mace na iya zuwa awo tun farkon ciki, kullum ana ce mata komai lafiya, amma ranar haihuwa likita ya duba ta ya ce dole a shiga da ita ɗakin tiyata yanzu yanzu. A lokacin ne hankalin dangi ke tashi. Wani ya ce a ɗan ƙara haƙuri ko za ta haihu da kanta, wata ta ce a jira maigida ya dawo, wani kuma ya tafi karɓo rubutu. Wannan jinkirin shi ne abin tsoro, fiye da wuƙar likita.

Dalilan da ke sa a yi aikin gaggawa sanannu ne. Mafi yawa a wurarenmu ita ce doguwar naƙuda, inda kan jariri ya kasa wucewa ta ƙugun uwa, ko don girmansa, ko don ƙugun bai gama buɗewa ba kamar yadda ake gani ga yarinya mai ƙananan shekaru, ko kuma don jaririn ya kwanta a gicciye. Akwai lokacin da bugun zuciyar jariri ke sauyawa, alamar ya galabaita. Wani lokaci faya ta fashe cibiya ta riga jariri saukowa, kansa ya danne ta, iskar da ke isa gare shi ta cibiyar ta yanke. Mabiyiya ma na iya tare bakin mahaifa ko ta rabu da jikin mahaifa kafin lokaci, jini ya ɓalle. Sai jijjiga, wadda hawan jinin masu ciki ke kawowa. Duk waɗannan babu wanda juriyar mace ke warwarewa.

Na faɗi haka ne saboda mun tashi muna yabon macen da ta danne ciwo ba ta yi kuka ba, musamman a haihuwar fari, har wasu na kallon wadda aka yi wa aiki a matsayin raguwa. Wannan magana zalunci ce, kuma tana kashe mata. Idan kan jariri ya daɗe yana matse naman da ke tsakanin mafitsara da hanyar haihuwa, jini ya daina isa wurin, naman ya mutu, bayan kwanaki ya ɓule. Yoyon fitsari ke nan. Duk wanda ya taɓa leƙa asibitin Babbar Ruga a Katsina, ko sashen masu yoyon fitsari na asibitin Murtala a Kano, ko cibiyar Danja kusa da Maraɗi, ya ga ƙarshen doguwar naƙuda: matan da yawancinsu sun rasa jaririn, sun kuma rasa lafiyarsu, alhali aikin ƙasa da awa ɗaya zai iya hana hakan. Binciken lafiyar al'umma na Najeriya na 2018 ya nuna kusan kashi 3 cikin 100 ne kawai na haihuwa ake yi ta hanyar tiyata a ƙasar, kuma Arewa ta fi ƙaranci. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta gano cewa mutuwar iyaye mata da jarirai na raguwa yayin da adadin ke ƙaruwa zuwa wajen kashi 10. Ma'ana, akwai mata da yawa da suke buƙatar aikin amma ba su samu ba.

Shi ya sa shiri ke farawa tun ciki na wata bakwai ko takwas. Maigida ya bar izini a fili, a gaban mahaifiyarsa da surukarsa, cewa ko yana nan ko ba ya nan idan naƙuda ta zo a tafi asibiti, idan aka ce aiki a yi. A san asibitin da ke yin tiyata dare da rana, domin ba kowane ɗakin shan magani ke yi ba. A san motar da za a kira da tsakar dare. A ware kuɗi, a kuma shirya 'yan uwa biyu ko uku da za su ba da jini idan an nema. Jamhuriyar Nijar ta daɗe da ayyana wannan tiyata kyauta a asibitocin gwamnati, a Najeriya ma ministan lafiya Muhammad Ali Pate ya sanar a watan Nuwamban 2024 cewa za a riƙa yi wa mata marasa ƙarfi kyauta. Duk da haka a tambaya tun da wuri ko asibitin da aka zaɓa yana cikin tsarin, kada a je hannu rabbana. A kuma guji allurar ƙara naƙuda a gida ko a kemis. Tana iya fasa mahaifa.

Shi kansa aikin ba shi da tsawo. Galibi allura ake yi a gadon baya, jiki ya mutu daga ƙirji zuwa ƙafa, mace tana farke, tana jin ana taɓa ta ana ja amma babu zafi. Sai idan lamarin ya yi tsanani ne ake sa ta barci gaba ɗaya. Ana sa mata ƙarin ruwa da robar fitsari, a yanka a kwance a ƙasan mara. Cikin kamar minti goma an ciro jariri, sauran lokacin na ɗinki ne, duka bai cika kai awa ɗaya ba.

Kwana biyun farko su ne masu wuya. Tashi daga gado, tari, dariya, duk suna taɓa ɗinkin. Mai jego ta karɓi maganin kashe zafi a kan lokaci, kada ta jira sai ciwo ya ci ƙarfinta. Wanda likita ya rubuta ba ya hana shayarwa. Nas za ta matsa mata ta tashi ta taka tun washegari, kuma ba mugunta ba ce: tafiyar na hana jini daskarewa a jijiyoyin ƙafa, tana kuma tada hanji. Idan za ta tashi ta fara juyawa gefe, ta sauke ƙafafu, ta dogara da hannu. In tari ya zo ta danna matashi a kan mara. Yawanci bayan kwana uku zuwa biyar ake sallama.

Jariri kuwa a ɗora shi a ƙirjin uwa, fata da fata, a sa shi a nono da zarar ta iya, in son samu ne cikin awa ta farko. Nonon farkon nan mai kauri, dakashi, wanda wasu ke matsewa su zubar wai ba shi da kyau, shi ne ya fi kowane amfani, domin cike yake da sinadaran kariya daga cuta. Kaɗan ne, amma cikin jariri ma ƙarami ne. Bayan tiyata ruwan nono na iya ɗan jinkirin zuwa, sai hankalin kaka ya tashi ta nemi ba shi ruwan zuma ko madara. Abin da ke kawo nono shi ne yawan tsotso, sau takwas zuwa goma sha biyu a kwana guda. Uwa ta shayar a kwance a gefe, ko ta saƙalo jaririn ta ƙarƙashin hammata a kan matashi don kada ya hau ɗinki. Idan daga kwana na biyar yana jiƙa ƙyalle kamar sau shida a rana, yana samun abin da ya ishe shi. Wata shida nono zalla, ko ruwa ba ya buƙata.

Yanzu ga inda ake samun saɓani a gida, wato wankan jego. Al'adar zaman jego tana da alheri babba: kwana arba'in mace na hutawa a hannun uwa ko gwaggo, ana dafa mata, ana riƙe mata jariri. Wadda aka yi wa aiki ta fi kowa buƙatar wannan, kuma lissafin ya yi kusa da na likitoci, waɗanda ke cewa sati shida kafin jiki ya murmure. Amma tafasasshen ruwan da ake fyaɗawa da ganyen darbejiya, da danna ciki da tsumma mai zafi, da ɗaure mara tamau, ba su dace da cikin da aka yanka aka ɗinke ba. Ruwa mai ɗumi da sabulu sun isa, a tsane wurin da tsaftataccen ƙyalle, a bar shi a bushe, kada a shafa masa komai sai abin da asibiti ya bayar. Kunun kanwa ma a yi hattara. Tun shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Zariya suka danganta ciwon zuciyar da ke kama masu jego da yawan shan kanwa haɗe da wankan ruwan zafi da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta, domin gishirin kanwa na tara ruwa a jiki ya ɗora wa zuciya nauyi. Macen da hawan jini ko jijjiga ya kai ta tiyata ta bar kanwa kwata-kwata. Nama, ƙwai, wake, ganye, kunun gyaɗa da ruwa mai yawa su ne za su mayar mata da jini su kuma hana bayan gida tauri. Kada ta ɗauki abin da ya fi jaririnta nauyi. Daka, jan ruwa a rijiya da wanki su jira.

Ranar suna tana zuwa ne a kwana na bakwai, lokacin da ɗinki bai kama sosai ba. A raɗa suna, a yanka rago, amma ba dole mai jego ta wuni a zaune tana gaisawa da 'yan barka ba. Maigida ne ya fi kowa ikon cewa a bar ta ta kwanta.

Akwai alamun da ba a kwana da su a gida. Ga uwa: jini mai yawa ko guda-guda, zazzaɓi, fitar ruwa mai wari, ɗinki ya kumbura ko ya fara ruwa ko mugunya, ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo, numfashi ya yi wuya, ko ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, domin jijjiga na iya zuwa ko bayan haihuwa. Ga jariri: ƙin kama nono, zafin jiki ko sanyinsa, numfashi da sauri, sanƙarewa, cibiya ta yi ja tana wari, ko idanu da fata su yi rawaya, musamman a ranar farko. Wannan rawayar, wato shawarar jarirai, idan ta yi yawa tana taɓa ƙwaƙwalwa, kuma shanya yaro a rana ba magani ba ne. Cibiya a shafa mata maganin chlorhexidine da ake bayarwa a asibiti, ban da man goge baki, toka ko gashi. A karɓi rigakafin farko na tarin fuka, shan inna da ciwon hanta kafin a bar asibiti. Cire beli kuwa a bar shi. Jini da cutar da yake jawowa sun fi abin da ake gudu.

Abin da ba a cika magana a kai ba shi ne zuciyar mai jegon. Ta shiga firgici, wataƙila ba ta ga ɗanta ba sai bayan awanni, ga rashin barci, ga maganganun mutane. Kuka ba dalili a satin farko abu ne da ke faruwa ga mata da yawa, kuma yakan wuce. Idan ya haura sati biyu, ba ta cin abinci, ba ta sha'awar jaririn, ko tana tunanin cutar da kanta, ciwo ne mai magani, a kai ta ga likita.

Tiyata ɗaya ba ta nufin haihuwa ta ƙare, ba kuma lallai ta gaba ma sai an yanka ba. Mata da yawa na haihuwa da kansu bayan aiki ɗaya. Sai dai tabon mahaifa na buƙatar lokaci, don haka likitoci ke ba da shawarar a bar aƙalla shekara ɗaya da rabi zuwa biyu kafin wani cikin, kuma shayarwa kaɗai ba abin dogaro ba ce wajen ba da tazara. Kafin a bar asibiti a tambayi likita dalilin aikin da irin yankan da aka yi wa mahaifa, a adana takardar sallama. Ciki na gaba a fara awo da wuri, a nuna takardar, a kuma haihu a asibitin da ke da ɗakin tiyata da jini, domin tabon na iya buɗewa a lokacin naƙuda.