Sana'ar Shirya wa Yara Wasan Kwaikwayo da Fim a Ƙasar Hausa

1.0 Gabatarwa

Shirya wa yara abin kallo sana'a ce mai zaman kanta, ko da yake ba kasafai ake lissafa ta cikin sana'o'i ba. Mai wannan sana'a yana da aiki iri biyu. Na farko shi ne ƙirƙira, wato tsara wasa ko fim wanda ya dace da hankalin yaro. Na biyu shi ne zaɓe, wato tace abin da wasu suka shirya domin a fitar da wanda ya kamata a nuna wa yara. Wannan maƙala za ta bi diddigin yadda aikin ya faro a ƙasar Hausa, da waɗanda suka riƙe shi, da kuma abin da ake bukata ga wanda zai gaje su.

2.0 Tushen Sana'ar a Gargajiyance

Tun kafin zuwan boko, yaran Hausawa suna da dandalinsu na kwaikwayo. 'Yan mata kan yi wasan 'yartsana, inda sukan kwaikwayi aure da girki da reno. A wajen tatsuniya kuwa, kaka takan sauya murya idan ta zo kan Gizo, ta kwaikwayi tsamin bakinsa, ta haka yara ke rarrabe shi da Ƙoƙi ko kura.

Mafi girma a cikin waɗannan wasanni shi ne tashe, wanda akan fara idan watan azumi ya kwana 10. Bayan an sha ruwa, yara kan haɗu ƙungiya-ƙungiya suna bi gida-gida da wasanni irin su Macukule da Jatau Mai Magani da Mairama da Daudu, masu gida kuma su ba su hatsi ko kuɗi. Idan aka lura, duk sassan wasan kwaikwayo suna cikin tashe. Akwai rabon matsayi, akwai kayan shiga irin su gemun auduga da tsummoki, akwai waƙa da amshi, akwai kuma saƙo, domin yawancin wasannin hannunka-mai-sanda ne ga wani hali na manya. Babban yaron da ke raba matsayi, ya koya wa ƙanana amshi, ya yanke gidan da za a shiga, shi ne mai shirya wasa na farko a ƙasar Hausa.

3.0 Makaranta da Rubutaccen Wasa

Rubutaccen wasan kwaikwayo na Hausa a makaranta aka haife shi, kuma domin ɗalibai. A shekarun 1930 Dokta R. M. East, wanda ya shugabanci Hukumar Talifi a Zariya, ya fitar da littafin Six Hausa Plays. Ya ɗauko labarai na gargajiya ya mayar da su wasanni gajeru waɗanda malami zai iya shiryawa da 'yan ajinsa.

Daga nan 'yan ƙasa suka karɓa. Malam Aminu Kano ya rubuta wasanni tun yana ɗalibi a Kwalejin Kaduna, inda ya yi amfani da su wajen sukar zalunci da ha'inci. A 1949 aka buga Wasan Marafa na Abubakar Tunau, wanda ya tsayu a kan tsabta da kiwon lafiya. Shu'aibu Maƙarfi ya biyo baya da Zamanin Nan Namu a 1959 da Jatau na Kyallu a 1960, sai Uwar Gulma na Mohammed Sada a 1968. Umaru Dembo kuwa ya fitar da Wasannin Yara a 1971, ya mai da hankali kan wasannin da yara ke yi da kansu.

Abin lura a nan shi ne, littafi ba ya zama wasa sai da malami. Malamin da ke riƙe da ƙungiyar wasan kwaikwayo ta makaranta shi ke zaɓar wasan, ya rage tsawonsa, ya raba matsayi, ya tsaya a kan gwaji har ranar rabon kyaututtuka. Da yawa daga cikin waɗannan malamai ba a rubuta sunayensu a ko'ina ba, amma su suka riƙe sana'ar shekara da shekaru.

4.0 Majigi da Silima

A 1939 gwamnatin Ingila ta kafa sashen shirya finafinai domin ƙasashen da take mulka. Ta wannan hanya majigi ya yaɗu a Arewa. Mota kan iso gari da yamma, a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada ko filin makaranta, a nuna finafinai kyauta a kan tsabta da rigakafi da noma. Baban Larai, wanda aka yi a shekarun 1950 a kan noman auduga, yana cikin waɗanda dattawa ke tunawa har yau. Ba domin yara kaɗai aka shirya waɗannan finafinai ba, amma su ne ke cika sahun gaba. Kowace mota tana da mai bayani wanda ke fassara abin da ake gani da Hausa ta lasifika. Mai bayanin nan yana da muhimmanci ƙwarai, domin abin da ya faɗa shi yaro zai tafi da shi gida.

Gidan silima kuwa daban yake. An buɗe Rex a Kano a 1937, kuma tun farko iyaye da malamai ba su ɗauki silima wurin da ɗan mutunci zai je ba. Gobarar da ta tashi a silimar El-Duniya a 1951, wadda ta ci rayuka 331, ta ƙara ƙarfafa wannan ƙyama. Saboda haka ba a samu al'adar ware wa yara lokacin kallo na musamman a gidajen silima ba. Fim irin Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, ya dace da ɗalibai, tun da labarin yaro ne da aka raba da mahaifiyarsa a zamanin bauta, amma irinsa ba su da yawa.

5.0 Talabijin da Bidiyo

Da aka buɗe gidan rediyo da talabijin na Kaduna a 1962, sai wasan kwaikwayo ya shiga cikin gida. 'Yan wasa irin su Kasimu Yero da Usman Baba Pategi, wanda aka fi sani da Samanja, sun yi wasannin da uba da ɗa za su zauna su kalla tare ba tare da jin nauyi ba. A 1984 tashar NTA ta fara shirin Tales by Moonlight, inda ake mayar da tatsuniyoyi wasa, a 2011 kuma ta fara nuna Sesame Square mai amfani da 'yartsana wajen koyar da ƙirga da haruffa da kiwon lafiya.

Finafinan bidiyo na Hausa sun kankama da Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990. Kasuwarsu ta karkata ga soyayya da rikicin aure, domin manya ne masu saye. Gwamnatin tarayya ta kafa hukumar tace finafinai a 1993, wadda kan sanya wa fim alamar shekaru kamar 12 da 15 da 18, jihar Kano kuma ta kafa tata a 2001. Sai dai aikin hukumar tacewa hana abin da bai dace ba ne. Samar da abin da ya dace aikin wasu ne daban, kuma nan ne giɓin yake.

6.0 Abin da Sana'ar ke Bukata

Na farko, sanin shekaru. Abin da zai riƙe hankalin ɗan aji 2 na firamare ba zai riƙe na ɗan sakandare ba. Ƙaramin yaro yana son wasa gajere mai waƙa da maimaici, babba kuwa yana son matsala da zai yi tunani a kanta.

Na biyu, yaro ya zama shi ne tauraro. Idan dattijo ne ke warware kowace matsala, abin ya koma wa'azi. A bar yaron cikin wasa ya yi kuskure, ya ga sakamako, ya gyara.

Na uku, gwaji a gaban yara. Yaro ba ya kara. Idan wasa ya gundure shi zai fara surutu ko mutsu-mutsu, kuma wurin da surutun ya fara nan ne ke bukatar gyara.

Na huɗu, kada a nuna wa yara fim sai mai zaɓe ya kalle shi daga farko har ƙarshe. Bayan kallo kuma a zauna a tattauna, kamar yadda mai bayanin majigi ke yi a da.

Na biyar, kula da lafiya da mutuncin yara. Ɗakin kallo ya kasance da ƙofofin fita a buɗe, a nemi yardar iyaye, kada gwaji ya ci lokacin karatun boko ko na allo.

7.0 Kammalawa

A yau wayar hannu ta kai fim har cikin ɗakin kwana, babu mai bayani, babu mai zaɓe. Tashe yana ja da baya a birane, ƙungiyoyin wasan kwaikwayo kuma sun yi sanyi a makarantu da dama. Hausawa na cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kayan aikin suna nan: tatsuniyoyi a bakin dattawa, rubutattun wasanni a ɗakunan karatu, da yara masu son kwaikwayo a kowane aji. Ya kamata kowace makaranta ta ware malami guda ga wannan aiki, ta shirya wasa ko da sau ɗaya a zango, ta kuma gayyato dattawan unguwa su koya wa ɗalibai wasannin tashe tun masu iya su suna raye.