Rumfar bakin ruwa: yadda za a haɗa ta mara nauyi, a kuma tsare waya daga danshi

A fadamun da ke kewaye da Kalgo, wayar hannu ta zama kayan aiki kamar koma da fatsa. Da ita masunci ke jin farashin kifi a Birnin Kebbi kafin ya baro bakin ruwa, da ita ake turo masa kuɗi, ita ce kuma fitilarsa da asuba. A Gwandu ma matasa masu kwana a gona da masu sana'ar cajin waya kan kafa 'yar rumfa, su ɗora mata faifan sola. Daga watan Yuni zuwa Satumba kuwa, irin wannan rumfa kan zama wurin da waya da fawa-banki ke lalacewa, ko da ruwan sama bai taɓa su ba. Dalili shi ne danshin da ake kulle shi a ciki da sunan kariya.

Darasi daga masuntan ƙanƙara

A jihar Minesota ta Amurka da sassan Kanada, tafkuna kan daskare da hunturu. Masunta su huda ƙanƙarar, su kafa ɗan ɗaki a kan ramin, su zauna ciki suna jefa ƙugiya. Hukumar kula da albarkatun ƙasa ta Minesota tana ba da shawarar kada a taka ƙanƙara sai kaurinta ya kai inci 4, wato kusan santimita 10. Saboda haka a kan ƙanƙara mai irin wannan kauri, ɗakin dole ya zama mara nauyi, wanda mutum zai ja da hannu. Suna kuma barin ƙofar iska a sama duk da tsananin sanyi, domin in an toshe ko'ina, numfashi da ɗumin murhu kan koma ruwa a jikin rufi, ya riƙa ɗiga a kansu.

Babu ƙanƙara a Kebbi, amma buƙatun biyu duk suna nan. Wanda ya ga ambaliyar 2020, wadda ta shanye gonakin shinkafa masu yawa a jihar, ya san amfanin rumfar da mutum biyu za su kwance su ɗauke kafin ruwa ya iso.

Abin da za a kafa ta da shi

Gwangwala ta fi sauƙin samu, ba ta da nauyi, amma gara da laima na cin gindinta. Ana rage wannan ta hanyar ɗora ƙafafun a kan dutse ko bulo maimakon binne su. Bututun roba na masu aikin famfo ba ya tsatsa kuma ana iya kwance shi a ɗaure a bayan babur, sai dai rana na busar da shi har ya riƙa karyewa, don haka yana son fenti. Alminiyon ya fi su ƙarko, nauyinsa kuma kusan kashi ɗaya cikin uku ne na ƙarfe mai girma ɗaya, amma ya fi tsada. Azara da kwano na ginin zama ne, ba na rumfar da za a riƙa tashi da ita ba.

Rashin nauyi yana da nasa haɗari. A tudun Gwandu, iskar da ke zuwa gaban hadarin farkon damina tana iya ɗauke rumfa da faifan solarta gaba ɗaya. Kowace kusurwa tana buƙatar igiya da turke, ko buhun yashi.

Inda danshin ke fitowa

Ƙasar fadama tana fitar da tururi dare da rana. Idan aka lulluɓe rumfa da tamfol har ƙasa, tururin ba shi da mafita. Da dare tamfol ya huce, sai tururin ya taru a cikinsa kamar yadda yake taruwa a murfin tukunya. Wannan laimar ce ke shiga ramin caji, ta haifar da tsatsa mai launin kore a kan ƙananan haƙoran ƙarfe, har waya ta fara caji tana yankewa.

Maganin ba shi da tsada. A shimfiɗa leda mai kauri a ƙasa kafin tabarma. A yi rufi hawa biyu: zana ko asabari a ciki, tamfol a waje, da ɗan fili a tsakani. A karkata rufin yadda ruwa ba zai kwanta ba, a bar tazarar tafin hannu a ƙarƙashinsa ta ɓangarori biyu don iska ta ratsa. Wannan tazarar tana tsare rai ma: kaskon gawayi ko janareta a rufaffen wuri na fitar da iskar guba mara wari wadda ke kashe mutum cikin barci. Janareta dai a waje yake zama, nesa da rumfa.

Waya, batir da sola

Kayan lantarki su zauna a cikin robar abinci mai murfi, a rataye ta sama da ƙasa, a jefa 'yan ƙunshin silika da ke zuwa cikin kwalin takalmi don su tsotse laima. Amma kada a rufe robar ana caji, domin zafi na rage ƙarfin batirin litiyom. Kamfanin Apple ya ce wayoyinsa sun fi son aiki tsakanin digiri 0 zuwa 35 na ma'aunin Salshiyos, zafin Afrilu a Kebbi kuwa yakan haura 40. Kebul ɗin da ya sauko daga faifan sola a bar shi ya ɗan lanƙwasa ƙasa kafin ya shiga rumfa, don ruwan da ya biyo shi ya ɗiga a waje.

Lokacin sayen waya a duba lambar IP. IP67 na nufin ƙura ba ta shiga, kuma wayar za ta jure zurfin mita 1 na minti 30. IP53 da IP54 yayyafi da fantsama kawai suke jurewa. Kariyar kuma tana raguwa idan wayar ta tsufa, ta faɗi, ko mai gyara ya taɓa buɗe ta.

Idan waya ta jiƙe, a kashe ta, a goge, a ajiye ta a inuwa mai iska, kada a jona caja sai ta bushe sarai. A ƙasar shinkafa irin Kebbi, dabarar da kowa ya sani ita ce tura ta cikin buhu. Apple ya gargaɗi masu iPhone su guji haka, domin ɓurɓushin shinkafa na iya shiga ya ƙara ɓarna. Leda, igiya da robar abinci gaba ɗaya ba su kai kuɗin canza allon waya sau ɗaya ba.