Zaman Italiyawa Da Iyalinsu A Bakalori

Idan aka yi maganar zama a ƙasar waje, hankalin mai karatu yakan tafi ga ma'aikacinmu da aka tura kwas Ingila, ko ɗalibin da ya sami gurbin karatu a Masar, ya ɗauki matarsa da 'ya'yansa suka tafi. Ba kasafai mukan tuna cewa ƙasarmu ita ma ƙasar waje ce ga waɗansu ba. To, daga 1974 zuwa farkon shekarun 1980, ƙasar Talatar Mafara da Bakura da Maradun, wadda a yau take cikin Jihar Zamfara, ta zama masauki ga Italiyawa masu yawa, waɗansunsu har da mata da yara, waɗanda aikin madatsar ruwa ta Bakalori ya kawo.

Tun a 1969 Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba da shawarar a yi madatsa matsakaiciya a wannan wuri, a bi aikin sannu a hankali. Amma da kuɗin man fetur suka shigo, sai aka ga ƙaramin aiki bai dace da mu ba, aka miƙa kwangila ga kamfanin Impresit, watau wani reshe na kamfanin Fiat. Suka datse Gulbin Sakkwato da bango mai tsawon kilomita 5 da rabi, suka gama a 1978, ruwa ya kwanta a kan fili wajen kadada 8,000.

Su dai waɗannan mutane ba baƙin irin wannan aiki ba ne. Impresit ne ya gina madatsar Kariba a kan Kogin Zambezi, kuma yana cikin taron kamfanonin da suka gina Akosombo a Gana da Kainji a nan gida. Al'adarsu ita ce duk inda suka sauka sai sun kafa unguwa tasu ta musamman, da gidaje da lantarki da ruwan famfo da wurin shan magani da na shaƙatawa, domin injiniyan da iyalinsa suke kusa da shi ya fi jure wa'adin shekaru. Mai gida ya fita da asuba wurin aiki, uwargida ta wuni tana fama da zafin bazara ko ƙurar hunturu, tana jiran wasiƙa daga gida. Abincinsu kuwa ba mu rasa saninsa ba, gama taliya, wadda sunanta ya yi kama da na ƙasarsu, ta riga su shiga tukunyar Bahaushe da daɗewa. Mutanen ƙasa da suka fi sani su ne kuku da direba da mai gadi, kuma galibi ta bakin waɗannan ne kalmomin Hausa suke ƙetare shinge su shiga gida.

Wanda yake zaune cikin shinge dole ya ƙosa ya fita, ƙasar kuwa ba ta rasa abin kallo ba. A wancan zamani hanya lafiya lau take, mutum yana iya ɗaukar iyalinsa da safe ya nufi Sakkwato, tafiyar da ba ta kai awa biyu ba, ya ga ƙofar fadar Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, ya sayi jakar fata da alabe a kasuwa, ya komo kafin magariba. Gaba kaɗan ga Argungu, inda ake bikin kamun kifi da ya samo asali daga ziyarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai a 1934, dubban masunta su auka ruwa a lokaci guda da gora da koma. Wanda ya sami hutu mai tsawo sai ya bi ta Gusau da Funtuwa ya shiga Kano, ya ga marinar Ƙofar Mata da Kasuwar Kurmi, ya hau Dala. Mai ƙarfin hali ya zarce har Yankari, wadda aka buɗe wa masu ziyara a 1962, ya nuna wa yara giwa, su yi wanka a ruwan ɗumi na Wikki. Waɗannan su ne wuraren da baƙi na lokacin suke ɗaukar hoto su aika gida, kuma ba laifi ba ne, kowa ya je wata ƙasa haka yake yi.

Sai dai abin da ya fi cancanta a gani yana nan kusa, ba ya bukatar man mota. Manoma wajen 13,000 ne ruwan tafkin ya raba da gonakinsu da gidajensu. Aka kwashe mutanen Maradun zuwa sabon matsuguni a kan tudu mai tsakuwa, alhali kuwa fadama suka baro. A ƙasa da madatsa, wajen Talatar Mafara da Bakura, aka hana manoma shuka ana baje filaye da katafila, aka sare itatuwan amfani, diyya kuma ta yi ta jan ƙafa. Da haƙuri ya ƙare, manoma suka tare hanyoyin shiga wurin aiki. A ƙarshen watan Afrilu na 1980, zamanin Shugaba Shehu Shagari da Gwamna Shehu Kangiwa, 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe musu wuta, abin ya fi muni a Birnin Tudu. Gwamnati ta ce waɗanda suka mutu ba su kai 30 ba, waɗansu masu bincike kuwa suka ce sun haura 380.

Ba a ce matar injiniya ko ɗansa ne suka hana diyya ba, wannan hakkin hukumominmu ne. Amma irin zaman da aka shirya musu, shi ne yake sa mutum ya san hanyar Yankari bai san sunan ƙauyen da yake bayan gidansa ba. Mu ma kada mu yi saurin ganin baikensu. Ma'aikatanmu nawa ne suka shekara biyu a Landan, suka komo da hoton fadar Sarauniya da na tantabarun dandalin Trafalgar, ba su taɓa shiga ɗakin maƙwabcinsu Bature ba, ba su kuwa san abin da yake hana shi barci ba?

Akwai kuma wani abu da ba ya fitowa a hoto. Wani masanin Ingila, W. M. Adams, ya bi gulbin ƙasa da madatsar, ya buga sakamakon bincikensa a 1985. Ya tarar cewa tun da aka tare ruwa ambaliyar damina ta ragu, daga cikin fadama kadada 19,000 an yi asarar noman shinkafa a kadada 7,000, da noman rani a kadada 5,000. Kifi ma ya ragu, har masunta da dama suka jingine komarsu ko suka yi ƙaura, 'yan'uwan waɗancan da ake tafiya kallo a Argungu.